Hawan jinin ido: Ciwon da ke bin dangi a ɓoye

A cikin kowane mutum 20 da suka kai shekara 40 a Najeriya, akwai ɗaya da ke ɗauke da ciwon gilakoma, wanda aka fi sani da hawan jinin ido. Mafi yawansu ba su san suna da shi ba.

Wannan adadi ya fito ne daga babban binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin shekarar 2005 da 2007, inda aka duba idanun mutane fiye da 13,000 a dukkan shiyyoyi shida na ƙasar.

Binciken ya gano cewa kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da ciwon, kuma ƙasa da kashi 6 cikin 100 na masu ciwon ne suka san da zamansa a idanunsu. Ɗaya daga cikin kowane biyar kuwa ya riga ya makance.

Bayan yanar ido, gilakoma ce ta biyu wajen haddasa makanta a ƙasar. Sai dai akwai bambanci babba a tsakaninsu. Mai yanar ido yana iya samun ganinsa bayan aikin da bai kai sa'a guda ba. Ganin da gilakoma ta cinye ba ya dawowa.

Ga mazauna Karakkai da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Gusau da Tsafe da Bunguɗu a jihar Zamfara, inda zuwa asibitin ido ke buƙatar kuɗin mota da kuma bin hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba, babbar tambayar ita ce: wa ya kamata a fara dubawa? Amsar da ilimin gado ya bayar ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato.

Sunan da ke ɓatar da mutane

Kalmar hawan jinin ido ta samu karɓuwa saboda sauƙin fahimta, amma tana jawo ruɗani. Ciwon ba na jini ba ne, kuma mutum yana iya samun lafiyayyen awon jini a hannu alhali idonsa yana lalacewa.

A cikin ido akwai wani ruwa garai, wanda ba shi da alaƙa da hawaye. Ido yana samar da shi dare da rana, yana ciyar da sassan gaba, sannan ya fice ta wata 'yar matata da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da gilashin gaban ido.

Idan ficewar ruwan ta ragu, sai ya taru ya matse jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa. A ma'aunin likitoci, ƙarfin ruwan idon yawancin mutane yana tsakanin maki 10 da 21. Jijiyar tana ɗauke da zarurruka sama da miliyan guda, kuma duk zaren da ya mutu ya tafi ke nan.

Lalacewar takan faro ne daga gefe. Manomi zai ci gaba da gane fuskar wanda ke gabansa, amma ya riƙa tuntuɓe da abin da ke ƙasa, ko babur ya fito masa ta gefe bai gan shi ba. Da yake ido ɗaya yana rufa wa ɗayan asiri, sau da yawa sai ɗaya ya mutu sarai kafin mai shi ya farga.

Ire-iren ciwon

Gilakoma suna ne da ya tattara cututtuka da dama waɗanda suka yi tarayya wajen kashe jijiyar gani.

Na farko shi ne mai buɗaɗɗiyar kusurwa. A nan hanyar da ruwa ke bi zuwa matata a buɗe take, matatar ce ke cushewa sannu a hankali. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja. A binciken Najeriya, kashi 86 cikin 100 na masu gilakomar da ba wata cuta ce ta haddasa ta ba wannan nau'i suke da shi.

A ƙarƙashinsa akwai wanda jijiya ke lalacewa ko da ƙarfin ruwan bai wuce ƙima ba. Wannan ne dalilin da ya sa awon ƙarfin ruwa kaɗai bai wadatar ba, sai an leƙa jijiyar kanta. Akwai kuma na ƙuruciya, wanda ke bayyana tun kafin shekara 40, wani lokaci ma a kan yaro ɗan makaranta, yana kuma zuwa da ƙarfin ruwa mai tsanani.

Na biyu shi ne mai rufaffiyar kusurwa, wanda ya kai kashi 14 cikin 100 a binciken. Baƙin ido ne ke matsowa gaba ya toshe hanyar ruwa. Yakan zo a hankali, amma wani lokaci yakan afka farat ɗaya da azabar ciwon ido da ciwon kai da amai, mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila. Idan ba a kai ga likita cikin gaggawa ba, ido yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Ya fi kama mata da tsofaffi, kuma ya fi yawa a nahiyar Asiya.

Na uku shi ne wanda ake haihuwar jariri da shi, saboda matatar ba ta ginu daidai ba tun a ciki. Alamominsa su ne yawan zubar hawaye, da gudun haske, da girman ido, da kuma hazo a gilashin ido. Abin takaici shi ne iyaye sukan ɗauki irin waɗannan dara-daran idanu a matsayin kyau. Maganinsa tiyata ne, kuma gwargwadon saurin yin ta gwargwadon abin da za a ceto.

Na huɗu shi ne wanda wata matsala ta daban ke jawowa. Ya kai kashi 8 cikin 100 na dukkan masu gilakoma a binciken, kuma abin da ya fi haddasa shi ya shafi arewacin ƙasar kai tsaye.

Kashi 38 cikin 100 na irin wannan nau'i sun samo asali ne daga aikin masu magani na gargajiya da ke amfani da tsinke mai kaifi su tura yanar ido cikin ƙwayar idon maimakon a fitar da ita. Rauni a ido ya biyo baya da kashi 21, sai kumburin cikin ido da kashi 19.

Kazalika ciwon suga da ya daɗe yana iya kaiwa ga hakan. Haka ma magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroid, waɗanda ake saye a kemis ba da takardar likita ba domin ƙaiƙayin idon yara, a yi ta ɗiga su wata da watanni.

Barewa ba ta gudu

Tun kafin a gano ƙwayoyin gado, likitoci sun lura cewa gilakoma tana bin gida. Wani bincike da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, aka wallafa a 1998, ya auna girman lamarin. 'Ya'ya da shaƙiƙan mai ciwon suna da haɗarin kamuwa da shi na kusan kashi 22 cikin 100 a tsawon rayuwarsu. Ga dangin waɗanda ba su da ciwon, haɗarin bai kai kashi 3 ba.

Ma'ana, ɗan'uwan mai gilakoma ya ninka sauran jama'a haɗari har kusan sau tara.

A shekarar 1997 ne masu bincike a jami'ar Iowa ta Amurka suka gano ƙwayar gado ta farko da ke haddasa nau'in mai buɗaɗɗiyar kusurwa, wadda ake kira MYOC. Idan ta samu tangarɗa, takan samar da gurɓataccen sinadari da ke taruwa cikin ƙwayoyin matatar ido ya lalata su.

Ita wannan ƙwaya mai rinjaye ce. Ko daga uwa kaɗai ko daga uba kaɗai aka gaje ta, ta isa ta jawo ciwon, kuma kowane ɗa na mai ɗauke da ita yana da rabin yiwuwar gadonta. Ita ce ake yawan samu a gidajen da matasa ke makancewa bi da bi daga kaka zuwa jika. Duk da haka, abin da take haddasawa bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na masu wannan nau'i ba.

A 2002 aka gano OPTN, sannan TBK1 a 2011. Dukansu suna da hannu a nau'in da jijiya ke mutuwa ba tare da ƙarfin ruwa ya hau ba, kuma su ma ƙalilan ne ke ɗauke da su.

Ga mafi yawan marasa lafiya, babu wata ƙwaya guda da za a ɗora wa laifi. Ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance ne a cikin halitta, kowane yana ƙara haɗari kaɗan, su haɗu da tsufa su kai mutum ga ciwon. Wani gagarumin nazari da aka wallafa a 2021 ya lissafa irin waɗannan gurabe 127, wani kuma a 2023 ya kai adadin sama da 300.

Batun auren zumunci

A ƙasar Hausa, inda auren 'ya'yan wa da ƙani ko na taubasai ya zama ruwan dare, duk maganar gado takan koma kan auren zumunci. A nan akwai buƙatar rarrabewa.

Nau'in da auren zumunci ke da tasiri a kansa sosai shi ne na jarirai. Babbar ƙwayar da aka sani a kansa, CYP1B1, wadda ita ma aka gano a 1997, tana bin tsari irin na sikila. Sai jariri ya gaji mai tangarɗa daga uwa da kuma uba sannan ciwon ya bayyana. Iyayen kansu lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu.

Idan ma'aurata sun haɗa kaka, damar su kasance suna ɗauke da tangarɗa iri ɗaya takan ƙaru. Alƙaluma daga wasu ƙasashe sun nuna haka. A ƙasashen Turai ana samun ciwon a jariri ɗaya cikin 10,000 zuwa 20,000. A Saudiyya kusan ɗaya ne cikin 2,500, a tsakanin al'ummar Roma ta ƙasar Sulobakiya kuwa ɗaya cikin 1,250.

To amma wannan nau'i ƙanƙani ne idan aka kwatanta shi da na manya. Gilakomar da ke makantar da dattawan karkara ba ta buƙatar iyaye su zama 'yan'uwa kafin ta bi jini. Gidan da bai taɓa yin auren zumunci ba yana iya cika da ita.

Abin da ya dace da gidan da aka taɓa haihuwar jariri mai ciwon shi ne a kai duk wanda aka haifa bayansa a duba shi tun yana cikin tsumma.

Me ya sa baƙar fata?

Shekaru da dama ke nan da aka tabbatar cewa nau'in mai buɗaɗɗiyar kusurwa ya fi tsanani a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne. Binciken birnin Baltimore na Amurka da aka wallafa a 1991 ya nuna baƙaƙen fata sun ninka fararen fata sau huɗu zuwa biyar. A tsibirin Barbados, inda akasarin jama'a jikokin mutanen Afirka ta Yamma ne, an samu kusan kashi 7 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa 84.

Ciwon yakan kuma kama su da wuri, ya yi saurin kai su ga makanta. Wani ƙiyasi na 2014 ya ce masu gilakoma a duniya za su tashi daga miliyan 64 a 2013 zuwa kusan miliyan 112 a 2040, kuma Afirka da Asiya ne za su ɗauki mafi nauyin ƙarin.

Sai dai akasarin binciken ƙwayoyin gado an yi shi ne a kan Turawa, kuma abin da aka gano a can ba lallai ya dace da nan ba.

Misali mai jan hankali shi ne na ƙwayar LOXL1. A 2007 an gano a ƙasashen arewacin Turai cewa wani samfurinta yana ƙara haɗarin wani nau'in gilakoma da ke zuwa da ɓarɓashi a cikin ido. Da aka maimaita gwajin a kan baƙaƙen Afirka ta Kudu a 2010, sai aka tarar kishiyar wannan samfuri ce ke tare da ciwon.

An fara cike giɓin. A 2019 wata ƙungiyar masu bincike da ta haɗa da likitocin Najeriya da Ghana da Afirka ta Kudu ta sanar da gano wani bambanci a ƙwayar APBB2, wanda ke ƙara haɗari kuma ake samunsa a jinin Afirka. A jami'ar Ibadan, Farfesa Adeyinka Ashaye ta jagoranci wani shiri na tattara samfura daga dubban marasa lafiya a nahiyar. A 2024 kuma masana a jami'ar Pennsylvania suka wallafa nazari kan mutane sama da 11,000 masu asalin Afirka, inda suka danganta gurabe uku da ciwon.

Duk da wannan ci gaba, ma'aunan haɗari da aka gina da bayanan Turawa ba sa hasashe da kyau a kan 'yan Afirka. Gwajin jini da zai gaya wa mutumin Bunguɗu ko zai kamu da gilakoma yana da sauran tafiya, ko da kuwa yana da kuɗin biya.

Halin da ake ciki a Zamfara

Binciken 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa shiyyar arewa maso yamma ce ke da mafi yawan makafi a Najeriya. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka yi a kan alƙaluman ya kuma nuna cewa a cikin masu gilakoma, talakawa ne suka fi kaiwa ga makanta.

Zamfara, wadda aka cire daga jihar Sakkwato a 1996, tana cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu. Manyan asibitocinta, wato na gwamnatin tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, duk a Gusau suke. Mai buƙatar aiki mai sarƙaƙiya yakan nufi asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, ko asibitocin ido na Kano.

Shirye-shiryen lafiyar ido da aka gudanar a jihar tare da ƙungiyoyi irin su Sightsavers sun fi ƙarfi a kan amosanin ido da yanar ido, cututtukan da ake iya tunkara da rabon magani ko da aiki na rana guda. Gilakoma ba ta shiga wannan tsari. Ciwo ne na har abada, mai buƙatar komawa asibiti a kai a kai.

Nan ne rashin tsaro ke shigowa. Fiye da shekara goma ke nan hare-haren 'yan bindiga suna raba mutane da gonakinsu a jihar, kuma hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ta ratsa Tsafe, da ta Gusau zuwa Sakkwato da ta ratsa Bunguɗu, duk sun sha fama da masu satar mutane. A 2021 sai da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya na wani lokaci.

Magidancin da ya rasa amfanin gona ba zai sa kwalbar maganin ɗigawa a gaban abinci ba, musamman da yake maganin ba ya ƙara masa gani, hana ragowar lalacewa kawai yake yi.

Darasi daga Bauchi da Tanzaniya

Wani bincike da Dakta Mohammed Abdull ya jagoranta a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, aka wallafa a 2015, ya nuna yadda lamarin yake a arewa. Cikin sababbin marasa lafiya 131, kusan rabin idanun da ciwon ya kama ba sa ganin komai sai haske, ko ma ba sa ganinsa.

An ba mutum 75 shawarar a yi musu tiyatar buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Biyar suka amince, ɗaya tak aka yi wa. Tsoro ne babban dalilin da suka bayar.

Tsoron yana da tushe. Wanda ya zo a makare aka yi masa aiki ba zai ga sauyi ba, wani ma ganinsa ya ci gaba da raguwa, sai labari ya bazu a gari cewa asibiti ne ya kashe masa ido. Haka zuwa a makare ke haifar da ƙin tiyata, ƙin tiyata kuma ya hana na baya zuwa da wuri.

Akwai hanya ta uku. Wani gwaji da aka yi a yankin Kilimanjaro na Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya kwatanta hasken lesa da ake haska wa matatar ido da maganin ɗigawa na timolol. Bayan shekara guda, lesa ta yi nasara a kashi 61 cikin 100 na idanu, maganin ɗigawa kuma a kashi 31. Aikin na 'yan mintoci ne, ba yanka, ba kwanciya. Matsalar ita ce tsadar na'urar da ƙarancin waɗanda suka iya sarrafa ta.

Gwajin da ba ya cin kuɗi

Babu wata jiha a Najeriya da ke da likitocin da za su duba duk wanda ya haura shekara 40. Abin da ilimin gado ya bayar shi ne hanyar taƙaita neman.

Kowane mai gilakoma da aka gano a Gusau yana nuni ne ga wasu mutane a ƙauyensu waɗanda haɗarinsu ya ninka na kowa: shaƙiƙansa, da 'ya'yansa, da iyayensa idan suna raye. 'Yan uba ma suna da nasu kaso, ko da bai kai na shaƙiƙai ba. A gida mai mata biyu ko uku, wannan yana iya zama mutum ashirin ko fiye.

Yawancinsu suna gani garau, kuma su ne magani ya fi yi wa amfani. Likitoci suna ba da shawarar su fara zuwa awo tun kafin shekara 40, su riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu. Idan kuwa akwai wanda ciwon ya kama yana matashi a gidan, sai a haɗa har da yara.

Ma'aikacin lafiya na ƙauye ba ya buƙatar na'ura kafin ya tambayi mutum ko a gidansu akwai wanda ya makance alhali idonsa ba shi da yana. Asibiti kuma yana iya ba kowane majiyyaci takardar gayyatar 'yan'uwansa, a sassauta musu kuɗin kati da na awo, a kuma ware musu rana guda domin su yi tafiyar tare.

Ƙalubalen shi ne yadda ake kallon ciwon gado. Wasu gidaje sukan ɓoye shi don gudun kada a ƙi auren 'ya'yansu, wasu kuma su danganta makantar da ta bi uba da ɗa ga sammu. A nan limamai da masu unguwanni suna da rawar takawa, kamar yadda suka taka wajen karɓuwar gwajin sikila kafin aure a jihohin arewa da dama.

A kowane watan Maris akan gudanar da makon gilakoma na duniya, inda asibitoci a manyan birane ke yin awo kyauta. Waɗanda ke cin gajiyarsa galibi mazauna birni ne masu jin sanarwa da kuɗin abin hawa. Ga Karakkai da makamantanta, abin da zai nuna ko an ci gaba shi ne yawan ƙanne da 'ya'yan marasa lafiya da aka duba tun suna gani da idanunsu biyu.